Ranar biya ɗaya ga mai buhu uku da mai buhu ɗari

Duk wanda ya noma albasa a jahar Tawa ya san yadda watan Maris da Afrilu suke. Daga Galmi har Madawa kowa ya cire lokaci guda, kasuwa ta cika, dillalai su zo da buhunansu masu hula, su danna albasa har ta tashi sama da bakin buhu, sannan su faɗi kuɗin da suka ga dama. Wanda ya iya riƙe tasa zuwa ƙarshen damina sai ya sayar da ninki biyu ko uku. Wannan ba sirri ba ne. Abin da ke hana talaka jira shi ne bashin taki da man injin ban ruwa da kuɗin 'yan ƙwadago, duka suna tsaye bakin ƙofa ranar da ya cire.

Ni ne magatakardan ƙungiyarmu ta manoman albasa a 2023, lokacin da muka shiga tsarin ajiya da lamuni, wanda ma'aikata ke kira warantaji. Ba sabon abu ba ne a Nijar, tun ƙarshen shekarun 1990 hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta yaɗa shi, galibi a kan hatsi da wake da gyaɗa. Ka zuba amfaninka a sito, a kulle da kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya wajen ƙungiya, ɗaya wajen asusun da ya ba da kuɗi. Su ba ka wani kaso na darajar kayan, ka biya buƙatunka, in kaya ya yi tsada ka sayar ka biya su da ribarsu, sauran naka ne. Wani furoje, wato shirin tallafi, ya tsaya mana, ya gyara mana rudu, wato rumbun albasa na gargajiya, da sito mai shan iska, ya haɗa mu da wani asusun ba da rance a cikin gari. Sharaɗinsu shi ne a shigar da mata da matasa, kada abin ya tsaya ga manyan manoma. Mun shigar da su. Akwai matan da suka kawo buhu biyu, buhu uku, daga 'yan fangalin da suka ara a gefen garkar mazajensu. An ɗauke mu hoto, an rubuta rahoto, kowa ya tafi da murna.

A takardar da aka sa wa hannu akwai layi ɗaya: ranar biya ƙarshen Satumba, ga kowa da kowa, kuma ƙungiya ce ke lamunce wa kowane mamba. Wannan layin ne ya ci mu.

Ranar 26 ga Yuli sojoji suka karɓi mulki a Yamai. Ranar 30 ga wata ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta zauna a Abuja ta sa takunkumi, aka rufe iyakar Najeriya da ta Benin. Albasarmu kuwa ba Yamai ke cinye ta ba. Kasuwarta Akara da Kumasi da Abijan da Kwatano da Lome, kuma mai yawa daga cikinta ta gadar Gaya da Malanbil, a iyakar Benin, take bi. Manyan motoci suka tsaya cak da kaya a kai. 'Yan kasuwar da muke jira daga Ghana ba su zo ba, waɗanda suka riga suka loda suna can suna kallon dukiyarsu tana zubar da ruwa a bakin iyaka. Ƙonni da Illela, da ƙafa ma ana zuwa, suka zama sai ta ɓarauniyar hanya. Bankuna suka taƙaita abin da mutum zai iya cira, kuɗi ya yi wuya a hannun kowa. A watan da ya kamata albasa ta fara hawa, sai ta kwanta.

Albasa kuma ba hatsi ba ce. Gero ka kulle shi wata shida ka dawo ka same shi. Ita tana so a shiga kullum a juya, a tsince wadda ta yi laushi kafin ta shafa wa 'yan uwanta, balle cikin raɓar Agusta. Mabuɗi na biyu yana aljihun wakilin asusu, shi kuma sai ya samu mai da hanya yake zuwa. Wata rana da aka buɗe, warin ne ya fara tarbar mu tun daga nesa. Ka sa hannu ka ɗauki wadda ka ga ɓawonta ja sumul, yatsa ya nutse ta wajen wuya, baƙin ruwa ya biyo. Ƙasan tsibin ya yi zafi kamar an hura masa wuta, wasu sun fid da tsiro kore. Waɗanda suka cika wa gonarsu takin yuriya ko suka yi ban ruwa har gab da cirewa, tasu ce ta fara tafiya.

Amma ruɓa ta taɓa kowa, babba da ƙarami. Ranar biya ce ta raba mu.

Mun je mun roƙi asusun su ɗaga ranar zuwa Disamba. Shugaban wurin ya karɓe mu da mutunci, ya ce shi ma kuɗin ba nasa ba ne, na masu ajiya ne, kuma takarda takarda ce. Mutanen furoje suka ce masu ba su tallafi daga waje sun dakatar da komai, ba su da ta cewa. Sai Satumba ya zo. Mai buhu ɗari ya sayar da sa biyu, ko ya ɗebo daga kantinsa, ya biya bashinsa, ya riƙe albasarsa har hanyar Burkina Faso ta fara ɗaukar kaya cikin ayarin da sojoji ke rakawa. Mai buhu uku ba ta da sa, ba ta da kanti. Dole ta sayar a ranar, a kuɗin ranar. Kuma da yake ƙungiya ce ta lamunce, ba ma'aikacin asusu ne ke buga mata ƙofa ba, maƙwabtanta ne, waɗanda za ta haɗu da su a bakin rijiya da gidan suna.

Wa ya sayi albasar ƙananan? Manyanmu, na cikin ƙungiya ɗaya. Buhu bai ma motsa daga sito ba, suna kawai na canza a littafi. Har yau in na tuna shafukan nan raina yakan ɓaci. Ban ce sun yi zalunci ba, babu wani mai saye a lokacin, kuma su ma kasada suka yi. Sai dai tsarin da aka kawo don kada mai ƙarfi ya saye kayan talaka da arha, shi ne ya tara kayan talaka wuri ɗaya, ya sa masa ranar da dole ya saki.

Wata dattijuwa ta same ni bayan an gama lissafi. Ta ce, "Ɗan nan, da na sayar tun a gona ai da na san abin da na rasa. Yanzu ga akuyata ta tafi, ga albasa ta tafi." Na ce, "Inna, sai haƙuri," don ban da abin da ya fi wannan. Abin da ya ɗan rufa wa matan asiri shi ne asusunsu na mako-mako, irin na Mata Masu Dubara da aka faro a Maraɗi a 1991. Nan ne aka ɗaga wa mace biya don an san halin da take ciki, ba tare da ta cika takarda ba.

Abin da ke ƙara ba ni haushi, rufe iyaka ba baƙon abu ba ne a gare mu. Najeriya ta rufe tata daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, duk mun ɗanɗana. Masu zana irin waɗannan tsare-tsare a ofis sun san haka, amma ba wanda ya rubuta abin da za a yi in hanya ta toshe. Tun zamanin shirin 3N na wadata ƙasa da abinci, na tsohon shugaba Mahamadou Issoufou, ake maganar noman rani da sarrafa amfanin gona da shigar da kowa cikin arziki. Yanzu ga man Agadem yana bin bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 zuwa tashar Seme a Benin, ana ta lissafin yadda arzikin ƙasa zai ƙaru. Ina fatan haka. Amma yawancin 'yan Nijar da noma da kiwo suke ci, kuma a wurinsu shiga cikin arziki ba yawan sunayen mata a rahoto ba ne. Tambayar ita ce wa zai iya jira in abu ya lalace, kuma wa za a tilasta wa sayarwa.

An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma gadar Gaya ba ta buɗe ba, don haka ba mu koma yadda muke ba. Da muka sake zama kan ajiya, ba mu yarda da rana ɗaya ba. Biya kashi-kashi ne, daga Satumba zuwa Disamba, kuma an rubuta cewa in aka rufe hanyar fitar da kaya ranar tana matsawa. Asusun farko ya ƙi, muka nemi wani, ribarsa ta ɗan fi yawa, muka ɗauka. Mabuɗi na biyu yana hannun wani dattijo a garin da ɓangarorin biyu suka amince da shi, ana buɗewa duk mako a tsince. Ba ma karɓar albasar da ba a daina ba ta ruwa da wuri ba, ko ta waye. Lamunin juna kuma mun raba shi, ƙananan manoma rukuninsu daban, manya nasu daban, kuma duk mamban da zai sayi kayan ɗan'uwansa a sito sai a gaban kwamiti, da kuɗin kasuwar ranar. Wasu manyan sun ji haushin wannan, biyu sun fice. Daga cikin matan da suka yi asara, akwai waɗanda har yanzu ba su dawo ba, a gona suke sayar wa dillali ranar cirewa.