Kwana Tara

Talata, bayan isha'i.

Da hantsi na sa magena Gimbiya a kwandonta muka tafi wurin likitan dabbobin da zai haɗa mana takardun ƙarshe. Saura mako biyar in tashi zuwa Ingila in kama aikin jinya, kuma a lissafina komai nata ya kammala: an yi mata rigakafin ciwon haukan kare, an ɗebi jininta an aika ɗakin gwaji na Onderstepoort a Afirka ta Kudu, sakamako ya dawo, ƙarfin rigakafin da ke jininta ya haura 0.5 ɗin da ake nema, wata ukun jira ma ya kusa cika.

Likita ya goga na'ura a kafaɗarta, ta yi ƙara, lamba mai alƙaluma 15 ta fito. Wato ɗan cif ɗin nan mai girman ƙwayar shinkafa da aka dasa mata a ƙarƙashin fata yana nan lafiya. Sai ya jawo katin rigakafi ya ɗora yatsa a kan wata rana, ya ɗora wani yatsan a kan wata, ya yi shiru.

"Sista, wa ya yi miki wannan aikin?"

Na faɗa masa. Ya juyo da katin ya nuna mini: an yi allurar rigakafi, sai bayan kwana tara aka sa cif. A dokar Ingila cif ne ke gaba, ko kuma a yi su rana ɗaya, domin lambar ce shaidar cewa wannan magen dai aka yi wa allurar. Duk abin da ya riga lamba, a wurinsu ba a yi shi ba. Allurar ta tashi a banza, gwajin jinin da ya hau kanta ya bi ta, har da kuɗin da na tara na biya. Asibitin farko sun san inda za mu, na faɗa musu da bakina, amma suka ce cif ya ƙare, in dawo wani mako.

Na ce ko za a gyara kwanan watan a katin? Na ji kunya tun kafin in rufe baki. Ya ce, "Ke ma ma'aikaciyar lafiya ce." Ya yi gaskiya. Cutar haukan karen nan in alamunta suka bayyana a jikin mutum da wuya ya tashi, na taɓa jinyar wani yaro da kare ya ciza, ban manta yadda yake firgita da ruwa ba. Ƙasar da ta raba kanta da irin wannan cuta tana da haƙƙin ta tsananta. Ga shi kuma in ma'aikatan karɓar dabbobi a filin jirgin sama na Heathrow suka ga kuskure, za su iya killace ta har wata huɗu a kan kuɗina, ko su mayar da ita.

Nan take aka sake allurar. Sai bayan kwana 30 za a ɗebi jini, daga ranar ɗibar kuma a ƙirga wata uku cur. Takardar shaidar lafiya ba a rubuta ta sai tafiya ta matso, don kwana 10 ne wa'adinta. Sannan dole ta sauka cikin kwana biyar da saukata, in ba haka ba a bi da ita ta ƙa'idar dabbobin kasuwanci. Ke nan hutuna na farko nan zan dawo in ɗauke ta.

Da yamma na biya gidan Yaya. Ya saurare ni tsaf, sannan ya ce, "Duk wannan a kan mage? Can babu maguna ne?" Na ce, "Yaya, ta Inna ce." Bai ƙara cewa komai ba. Shi ma ya san watannin da Inna ta yi a kwance, Gimbiya ba ta bar gefen ƙafarta ba, kuma ya ji lokacin da ta ce mini kada in bari ta wulaƙanta. Matarsa ta ce in kawo ta, ita za ta riƙe.

Kejin tafiyar yana nan a tsakar ɗaki. Zuwa Ingila ba a shiga da dabba wurin fasinjoji, sai ɓangaren kaya, kuma likita ya hana a ba ta maganin barci. Shi ya sa tun watan jiya nake koya mata kwana a ciki. Na zaɓi wanda za ta miƙe tsaye ta juya ba tare da kunnenta ya taɓa sama ba, na shimfiɗa mata tsohon mayafin Inna. Yanzu haka tana ciki, ta naɗe, wurin allurar ya ɗan kumbura. Gobe zan kai kejin da mayafin gidan Yaya, in roƙi matarsa ta riƙa barin ƙofarsa a buɗe, kada ta manta da shi kafin in dawo.