Kare manhajar gajimare daga harin DDoS: inda aikin ya kai

'Yan uwa masu koyo, ga inda aka tsaya a aikin kare manhaja daga harin DDoS, wato harin da ake yi wa sabar ambaliyar bayanai ko buƙatu daga na'urori da yawa har ta kasa amsa wa baƙi na gaskiya. Abin da ake gwaji a kansa bai canza ba: ƙaramar manhaja a kan sabar Linux guda ɗaya a gajimare, Nginx mai karɓar buƙatun baƙi a gaba, rumbun bayanai na PostgreSQL a baya. Sabon abu a wannan karon shi ne an ɗora CDN a gabanta, wato tarin sabobin wani kamfani da ke karɓar baƙi a madadin sabar suna ajiye kwafin abubuwan shafi, aka kuma fara iyakance yawan buƙatu.

Akwai harin da tun farko ba aikinku ba ne, kada ku ɓata lokaci a kansa. Shi ne na cika layi da ambaliyar bayanai. A ranar 28 ga Fabrairu 2018 an tura wa GitHub terabit 1.35 a daƙiƙa ɗaya. Maharan sun riƙa aika ƙananan tambayoyi zuwa sabobin memcached, manhajar ajiye bayanai na wucin gadi, da aka bari a buɗe a tashar UDP 11211, da adireshin GitHub na jabu a matsayin mai tambaya, su kuma sabobin suka riƙa mayar da amsoshi masu girman da ya ninka tambayar sau dubbai. Sabar da ke kan layin gigabit ɗaya, ko wace doka kuka rubuta a iptables, wato katangar tace bayanai ta Linux, layin ya riga ya toshe kafin bayanan su iso inda dokar take. Wannan sai manyan kamfanoni masu cibiyoyi a ƙasashe da yawa, da ke rarraba ambaliyar ta hanyar anycast, wato adireshi ɗaya da cibiyoyi da yawa ke amsawa. AWS Shield Standard yana zuwa kyauta ga duk mai amfani da AWS, Cloudflare ma tana tare irin wannan a tsarinta na kyauta. Naku shi ne ku tabbatar duk mai zuwa ta hannunsu yake bi.

A nan kuwa aka fi yin sakaci. Mutum zai mayar da DNS, wato tsarin da ke haɗa sunan shafi da adireshinsa, zuwa CDN, ya ga shafi na buɗewa, ya ɗauka an gama. Alhali ainihin adireshin IP na sabar na nan yana amsa wa kowa. Maharin da ya samo shi ba ruwansa da CDN, kai tsaye zai nufi sabar. Samo shi kuma ba wuya: akwai shafukan da ke ajiye tarihin DNS, tsohon adireshin na nan a cikinsu. Rikodin MX, mai nuna sabar da ke karɓar imel, ko wani ƙaramin suna irin su mail ko dev da aka manta yana iya nuna sabar. Imel ɗin da manhaja ke aika wa masu rajista yana ɗauke da adireshin a cikin kan saƙon, wato header. Shodan da Censys kuma suna zagaye intanet suna tattara takardun shaidar TLS, waɗanda shafukan HTTPS ke gabatarwa, don haka mai neman sunan shafinku zai ga wace sabar ce ke riƙe da takardarsa.

Gyaran sai an bi shi a jere. A fara kunna CDN, sannan a karɓi sabon adireshi daga kamfanin gajimare a saki tsohon, domin tsohon ya riga ya tonu. Sai a rufe tashar 80 da 443 ga kowa in ban da adiresoshin CDN ɗin. Cloudflare tana wallafa jerin nata a fili, AWS kuma na da shiryayyen jeri na CloudFront, wato CDN ɗinta, da ake sakawa a security group, katangar sabar a AWS, yana sabunta kansa. A fitar da aika imel zuwa wata sabar dabam. Saura abu ɗaya da mutane ba su cika lura da shi ba: adiresoshin CDN na duk abokan cinikinsa ne, wani na iya buɗe nasa asusun ya nuna shi ga sabarku, ya wuce ba tare da dokokinku sun taɓa shi ba. Maganinsa a sa CDN ya riƙa ƙara wani kan saƙo na sirri da Nginx zai duba, ko a yi amfani da takardar shaida ta kanku ta ɓangarori biyu, wadda Cloudflare ke kira Authenticated Origin Pulls. Gwajin wannan mataki layi ɗaya ne: daga wata na'ura a kira adireshin sabar kai tsaye da curl. In ya amsa, ba a gama ba.

Yanzu sai harin da ke kama da baƙi na gaskiya, wato buƙatun HTTP cikakku. A Nginx, limit_req_zone ne ke ƙidaya. Misali, $binary_remote_addr a matsayin mabuɗi, zone mai girman 10m, rate=10r/s. A kan na'ura mai bit 64 kowane adireshi na cin bayit 128, ke nan megabayit 10 na ɗaukar adiresoshi kusan 80,000.

Abu biyu ke lalacewa a nan, kuma kusan kowa sai ya gamu da su. Na farko, da yake kowa ta CDN yake zuwa, Nginx adireshin CDN yake gani a maimakon na baƙo. Sai ya tara jama'a da yawa a ƙarƙashin adireshi ɗaya, ya fara korar su alhali babu hari. Dole a saka set_real_ip_from ga kowane rukunin adiresoshin CDN, da real_ip_header CF-Connecting-IP in Cloudflare ce. Kada a yarda da X-Forwarded-For daga kowa, duk wanda ya so yana iya rubuta abin da ya ga dama a ciki. Na biyu, 10r/s ba ya nufin goma a kowane lokaci cikin daƙiƙar. Nginx na lissafa shi a matsayin ɗaya a kowace milidaƙiƙa 100. Burauza kuwa idan ta buɗe shafi, hotuna da CSS da JavaScript take nema gaba ɗaya, sai shafin ya fito rabi da rabi. Ƙara burst=20 nodelay na magance wannan. A kuma sa limit_req_status 429, lambar da ke nufin buƙatu sun yi yawa, domin in aka bar shi, 503 yake bayarwa, sai ku kasa bambance wanda aka kora da gangan da sabar da ta gaza.

A ganinmu iyaka ɗaya ga dukan shafi ba ta da amfani sosai. Hoton da ke ma'ajiyar CDN bai ci muku komai ba. Shafin shiga kuwa sai an lissafa kalmar sirri da bcrypt, wanda da gangan aka yi shi mai nauyi, shafin bincike kuma na iya sa PostgreSQL ta karanta tebur gaba ɗaya. Mahari mai wayo waɗannan yake nema, buƙatu ɗari kaɗan a daƙiƙa sun ishe shi. Don haka a ware musu zone nasu mai tsanani, kamar 5r/m ga shafin shiga, sauran a sassauta. A sa statement_timeout a PostgreSQL don kada tambaya ɗaya ta riƙe haɗi har abada. A tuna kuma kamfanonin waya kan fitar da mutane da yawa ta adireshin IPv4 ɗaya, tsanantawa fiye da kima su za ta fara cutarwa. IPv6 akasin haka ne: mutum ɗaya kan samu rukunin /64 sukutum, toshe adireshi ɗaya a ciki aikin banza ne, rukunin ake ƙidayawa.

Ma'ajiyar CDN ma ana zagaye ta. Maharin zai riƙa liƙa wa kowace buƙata wata jela dabam, ?x=1, ?x=2, haka har illa masha Allah. CDN na ɗaukar kowacce sabuwa ce, ya miƙa wa sabar. A saita shi ya duba waɗanda manhajar ke amfani da su kawai, ya yi watsi da saura.

Slowloris, mai buɗe haɗi da yawa yana turo bayani kaɗan-kaɗan, bai cika damun Nginx ba, amma a rage client_header_timeout da client_body_timeout daga daƙiƙa 60 zuwa 10, a sa limit_conn. A duba net.ipv4.tcp_syncookies, saitin Linux mai kare sabar daga ambaliyar haɗin da ba a kammala ba, yana kan 1. A sabunta sabar: harin Rapid Reset da aka bayyana a Oktoba 2023 ya yi amfani da damar soke buƙata nan take a HTTP/2, Google ta ce ya kai buƙatu miliyan 398 a daƙiƙa a kanta.

Sai batun ƙara sabobi ta atomatik idan nauyi ya yi yawa. In ba a sa masa iyaka ba, an yi gudun gara an faɗa gidan zago: shafi bai faɗi ba, amma kuɗin wata ya ninka. Ƙari ma, kowace sabuwar sabar na buɗe nata haɗin zuwa PostgreSQL, wadda max_connections ɗinta 100 ne in ba a canza ba, sai rumbun bayanan ya riga komai durƙushewa. A sa adadin da ba za a wuce ba, a sa PgBouncer, mai taƙaita yawan haɗi zuwa PostgreSQL, a tsakani, a kunna gargaɗin kuɗi.

An yi gwajin nauyi da k6 a kan kwafin manhajar, ba wadda jama'a ke amfani da ita ba. Abin dubawa shi ne 429 ya ƙaru yayin da lokacin amsa ga baƙo na gaskiya bai motsa ba. Ku gwada a kan abin da kuka mallaka kawai, ku kuma karanta ƙa'idar kamfanin gajimarenku tukuna, AWS alal misali na da sharuɗɗa na musamman kan kwaikwayon harin DDoS.

Abin da ya rage shi ne harin da ke fitowa daga dubban adiresoshi, kowanne yana aiko kaɗan, ƙasa da iyakar da aka sa. Ƙidayar IP ba ta kama shi. Zagaye na gaba zai duba dokokin WAF, wato katangar da ke tace buƙatun HTTP, masu ƙidaya bisa asusu ko kuki, da zanen yatsan TLS irin JA3, wato gane manhajar baƙo daga yadda take buɗe haɗi, da kuma lokacin da ya dace a tare baƙo da gwajin burauza.