Lahadi, da jan fenti a cinyarta

Yau dai Hanif ya samu abin da yake so. Tun Laraba yake bina da "Ammi kangaru, Ammi kangaru", to bayan la'asar Abbansa ya kwashe mu sai gindin dutsen Ainslie. Sanyi kam ba a magana, Yuli a Kanbera, babban birnin Ostareliya, kenan, ni rigar sanyi biyu na zuba.

Mun tarar da su sun fi ashirin, irin masu ruwan tokan nan, jajayen ai sai can tsakiyar ƙasar inda fari yake. Da rana kwanciyarsu suke sha a inuwa, sai yamma ko asuba su fito kiwo kamar tumakin gidanmu. Ni abin da ya tsayar da ni tafiyarsu in ba sauri suke ba, sai ta dafa 'yan hannuwan nan a ƙasa, ta tokare da jela, sannan ta jawo ƙafafun baya duka biyu lokaci guda, wato jelar ma ƙafa ce. Wani kare ya yi haushi can nesa, ɗaya ya buga ƙafa a ƙasa tim, kafin ka ce kwabo sun watse da tsalle. Hanif ya ce shi ma zai iya, sai ga shi rigingine a ciyawa.

Na kira Hajiya a bidiyo, can ko karyawa ba su yi ba. Tambayarta ɗaya, ana ci? Na ce har a kanti ana sayar da naman. Ta ce "Allah ya sawwaƙe, wannan ai gafiya ce ta samu wuri."

A dawowa ne raina ya ɓaci. Wata kangaru kwance a bakin titi, mota ta buge ta, ga jan fenti an fesa mata a cinya. Na ce Abban Hanif wane mara imanin ne ya yi wannan kuma? Ya ce ba haka ba ne, masu ceton dabbobi ne, in suka ga mace sai su tsaya su duba jakar cikinta, don sau da yawa uwar ta mutu amma ɗan na ciki da ransa, maƙale da nono. Fentin alama ce an duba, kar wani ya sake tsayawa. Ɗan da ake haifa bai wuce ƙwayar wake ba, ya rarrafa da kansa ya shiga jakar, ya yi wajen wata 11 a ciki, shi ne duniyarsa kaf.

Na ce to an samu ɗa a cikinta? Ya ce fentin ba ya faɗa.

Tun ɗazu abin ke min yawo a kai wallahi. Taliya ta dafe. Aikin makaranta ko layi ɗaya ban ƙara ba.

Gara da Hanif barci yake a lokacin. Na dai ce wa Abbansa ya rage gudun nan da yake in magariba ta yi, ya ce to, irin "to" ɗin nan nasa.