Rana ke cin rufi, ruwa tona asiri kawai yake yi

A ƙasa mai zafi da ƙarancin ruwa, mutane kan ɗauka rufi yana hutawa ne tunda ba a ruwa. Ni abin da na gani a saman gidana akasin haka ne. Ɓarnar duk a watannin rani take faruwa, ruwan farko ya zo ya nuna ta.

Rufina kashi biyu ne, kwano a kan ɗakuna, siminti shimfiɗe a kan zaure. Na kwanon na fi sha wa wahala. Da tsakar rana kwano mai duhu yakan kai digiri 70 ko fiye, da asuba ya sauko ƙasa da 25. Ƙarfe kuwa miƙewa yake da zafi, ya tsuke da sanyi: falle mai tsawon mita 6 yana motsa kusan milimita 3 da rabi idan bambancin ya kai digiri 50, na alminiyam kuma kusan ninki biyu. Wannan ƙarar "ƙas-ƙas" da ake ji da yamma, wannan motsin ne ke kawo ta. Kullum sai an yi, shi ya sa ƙusa ke ɗagowa a hankali, ramin ya faɗaɗa, robar da ke wuyanta ta bushe ta tsattsage. Na taɓa ɗaga wata da farce, ta marmashe kamar gawayi.

Kuskurena na farko shi ne mayar da ƙusa da guduma. Ba ta shekara ta sake fitowa, domin katakon ya riga ya saki. Yanzu zare ta nake yi, in ɗaura sukuru mai sabuwar roba wanda ya ɗan fi ta kauri, a kan tudun kwanon, ba cikin kwarin da ruwa ke bi ba. A ɗaure har robar ta zauna daram. In ta baje ta fito gefe, an matse da yawa, kuma rana za ta fi saurin cinye ta. Garin ƙarfen da huda ta bari a share shi nan take, in ba haka ba raɓa kaɗan ta isa ya zama ɗigon tsatsa. Layin gefe da na ƙoli nake fara dubawa, nan iska ke sa hannu ta yaye. Inda falle ya hau falle a tsaye, kada haɗin ya gaza santimita 15.

Hawa da sassafe ake yi, kuma kan layin ƙusa ake taka ƙafa, nan katako yake. Da rana kuma in leƙa cikin silin: duk inda haske ya tsirgo, rami ne. A nan nake duba gara.

Na siminti matsalarsa tsaga ce, musamman a kusurwar da daɓe ya haɗu da rawanin bango, da bakin indararo. Na taɓa cike tsaga da siminti zalla, ta sake buɗewa a wuri guda, don abin da ke motsi ba a toshe shi da abin da ba ya lanƙwasa. Abin da ya riƙe shi ne: a ɗan faɗaɗa tsagar, a hure ƙurar tas, a cika da gam mai taushi na foliyuretan, a shimfiɗa ƙyallen ƙarfafawa mai faɗin santimita 10 zuwa 15, a bi da fenti. Gam na silikon kuwa ban yarda da shi a nan ba, fenti ba ya kama shi.

Farin fenti mai roba ya rage mini zafin ɗaki sosai. Sai an wanke rufin ya bushe sarai, don a kan ƙura ɓarewa yake yi kamar fata. Shafi biyu, na biyun a gicciye, kusan rabin lita a kowace murabba'in mita a shafi ɗaya, amma a bi abin da gwangwanin ya ce. In aka shafa kan daɓe mai zafi, sama ta bushe kafin ƙasa, ya yi bororo.

Indararo kuwa yashi ke toshe shi. Kafin lokacin ruwa nakan kwashe, in zuba bokiti biyu a nesa da bakinsa in ga inda ruwan ya bi. Duk inda ya kwanta ya wuce kwana biyu, nakan zagaye wurin da alli, in cike shi ya gangara wajen indararon.