Ramin da ke bayan tibi

Asabar, Birnin Kebbi

Tun da asuba Inna ta taso da maganar. Na dawo daga masallaci ko zama ban yi ba ta aiko jikarta wai in zo. Na same ta a kan darduma, ta miƙe ƙafar nan mai ciwo, carbi a hannu. Na durƙusa muka gaisa, sai ta ce, "Kai, an ce abin bikin ya iso tun jiya. Ko sai na mutu za a gwada min?" Ni ne ɗan fari, Inna ba ta faɗin sunana, don haka "kai" ɗin nan shi ne sunana a bakinta yau shekara arba'in da ɗoriya.

Bikin ƙanwarmu ne aka yi a Yauri wata guda da ya wuce. Yayar Inna ce ta riƙe ta tun daga yaye, can ta girma, can aka ɗaura aure. Kowa ya je ban da Inna, saboda gwiwarta ba za ta iya zaman mota mai tsawo ba. Mun nuna mata guntayen bidiyo da aka turo ta WhatsApp, ta karɓi wayar ta kai kusa da ido, ta nesanta, ta mayar min ta ce mutanen duk sun zama tururuwa. Jiya da yamma mai ɗaukar bidiyon ya ba wani direba saƙo, na je tasha na karɓo. Ambulan ne an naɗe shi da salatef kamar laya, a ciki ɗan filashi wanda bai kai tsawon ɗan yatsana ba.

Tibin falonmu ta shekara huɗu a jikin bango. In ban da igiyar dikoda da ta wuta ba abin da aka taɓa soka mata. Na hau kujera na leƙa bayanta da fitilar waya, ƙurar hunturu huɗu da yanar gizo-gizo suka tarbe ni. Da na goge sai ramuka suka bayyana a jere: na eriya, na HDMI guda biyu, masu launin ja da fari da ɗorawa na tsohon yayi, sai wasu biyu a gefe masu ɗan faɗi, an rubuta USB. Auta yana ƙasa yana ba ni umarni kamar shi ya ƙera ta. Na tura filashin ya ƙi shiga, na juya shi ya shige.

Auta ya danna maɓallin da ake sauya tibi daga dikoda zuwa wata hanya, ya zaɓi USB. Maimakon biki sai wani rubutu ya fito da Turanci a tsakiyar allo, da zaɓi biyu a ƙasansa. Na ga babban yatsansa ya riga ya sauka a kan OK. Allah ya taimake ni na karanta kafin ya danna. Tibin cewa take yi ba ta gane filashin ba, ko a yi masa fomat? Na daka masa tsawar da ta sa Inna ta tambaya daga ɗaki ko lafiya. Na fizge rimot ɗin, na zare filashin na jefa aljihu. Shi ko a jikinsa. Ya ɗauko igiyar cajinsa ya soka a ramin da na bari, ya ga waya ta kama caji, ya yi murmushi kamar wanda ya tsinci dami a kala. Dama kan cajarsa ya ƙone tun ran Laraba.

Ƙarfe goma na hau babur zuwa wajen babbar kasuwa. Rana ta riga ta buɗe, iskar ma da ke bugun fuska zafi gare ta. Akwai wani yaro mai gyaran tibi da na taɓa kai wa rediyo. Shagonsa bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba, amma tibi sun fi goma a ciki, wasu a kife an kwance musu baya, ga warin dalma. Na ba shi labari. Da na zo wajen fomat sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya ce, "Malam, da ya danna da kun yi biki na biyu. Fomat share komai yake yi."

Ya sa filashin a kwamfutarsa, ya duba, ya gyaɗa kai. Ya ce matsalar biyu ce. Ta farko, kowane filashi akwai tsarin da ake jera kaya a cikinsa, kuma wannan an yi shi a kan exFAT. Tibi da yawa, musamman masu ɗan shekaru, FAT32 da NTFS kawai suka sani. Ganin ban gane ba ya ce, "Malam, tibinka Hausa da Fulatanci take ji, an zo mata da Zabarmanci." Na ce to a mayar da shi FAT32 ɗin mana. Ya ce ba zai yiwu ba, don FAT32 ba ya ɗaukar fayil guda da ya kai giga 4, bikinmu kuwa fayil guda ne mai giga 11. Sai dai NTFS. Ta biyu kuma, shi kansa bidiyon an matse shi da wata hanya da ake kira H.265, wadda sabbin na'urori ke so don tana rage nauyi. Tsofaffin tibi sun fi sanin H.264. In aka ba su wancan, ko su ƙi buɗewa, ko ka ji sauti allo kuwa baƙi ƙirin.

Abin da ya burge ni da yaron nan, bai yarda ya taɓa filashin asali ba. Ya ce in sayi wani a zuba sabon aikin a ciki, wancan in kai shi akwati in ɓoye. Na tsallaka titi na sayo, ya karɓa ya gwada shi a kwamfuta kafin ya amince da shi. Wai akwai na jabu da ake rubuta musu giga 64 a jiki, kwamfuta ma ta nuna haka, amma cikinsu bai kai kwata ba. Ka yi ta zuba kaya yana karɓa, ran da ka zo buɗewa ka tarar da fayil duk sun lalace. Na tuna wani filashi da ya cinye min takardun jarrabawar 'yan aji uku bara, na yi shiru.

Ya ce sauya bidiyon zai ɗauki sa'o'i, kwamfutar tasa ba yarinya ba ce. Na ga komawa gida in dawo cikin ranar nan wahala ce, sai na ja benci na zauna. Zaman nan ya fi min wasu taron bita da aka tura mu.

Na nuna masa hoton bayan tibinmu da na ɗauka da safe. Ya buɗa hoton da yatsu biyu ya nuna min ƙananan rubutun da ban kula da su ba. A gefen rami ɗaya an sa 5V 0.5A, a gefen ɗayan HDD 5V 1A. Ya ce na biyun an ƙara masa ƙarfin wuta ne saboda babban rumbun ajiya, irin mai faifai a ciki da ke juyawa. In ka sa shi a rami mai rauni sai ka ji yana ƙas-ƙas yana ɗaukewa, ka ɗauka ya lalace alhali yunwar wuta ce. A nan dai lissafin da nake koyarwa ya yi min rana. Biyar sau rabi, wato 5V sau 0.5A, wat 2.5 ke nan, ƙarfin wutar da ramin farko ke bayarwa. Cajar waya ta gama-gari tana ba da wat 10, masu saurin caji kuwa 18 ko fiye. Na gaya masa Auta na can ya jona waya a tibi. Ya yi dariya har da buga cinya, ya ce yawancin tibi in an kashe su ramin ma ɗaukewa yake, don haka yaron ya kunna tibi sukutum tana shan wuta don ya samu abin da bai kai ƙaramin ƙwan fitila ba.

Muna zaune wani dattijo ya kawo tibi a nannaɗe cikin bargo. In an kunna ta sunan kamfanin kawai take nunawa ta tsaya nan. Yaron ya duba lambar samfurin a bayanta, ya nemo manhajarta, ya zuba a wani filashi, ya soka, ya riƙe wani maɓalli. Can sai wani layi ya fara tafiya a allo a hankali. Ya gargaɗi kowa kada a kusanci soket ɗin, wai in wuta ta yanke a tsakiyar wannan aiki tibin na iya mutuwa gaba ɗaya. Da ta farfaɗo dattijon har da kabbara. Ya ce min akwai ma tibin da ramin nasu an rubuta masa cewa na masu gyara ne kawai, ba ya buɗe fim ko hoto, wannan aikin kaɗai aka yi shi dominsa.

Bayansa wani ɗalibi ya zo neman igiya mai kan USB biyu, wai zai haɗa kwamfutarsa da tibi ya ga allon a babba. Aka ce masa ba ta nan ake bi ba, HDMI zai saya. Shi ramin USB na tibi karanta abin da ke ajiye yake yi, ya kuma ba da 'yar wuta. A shagon ma na ga misali: wani siririn zaren fitila a manne bayan wata tibi yana cin wuta daga ramin, wata kuma an soka mata ɗan kan da ke haɗa ta da allon rubutu mara igiya, don neman abu a YouTube da rimot aiki ne. Ya ce wasu tibin har shiri suna naɗa a filashi in ta eriya suke kamawa, amma galibi sai sun yi masa fomat tukuna, kuma abin da suka naɗa su kaɗai ke iya buɗe shi.

Na tambaye shi me ya sa harshen cikin wani ramin shuɗi ne, namu baƙi. Ya ce shuɗin ya fi gudu, amma don kallon fim baƙin ya wadatar. Na ɗan bincika a waya ina jira. Baƙin shi ne USB 2.0 da ya fito a 2000, shuɗin 3.0 na 2008, asalin abin kuwa tun 1996. A 1996 mu muna cunkushe a zauren maƙwabta muna kallon kaset, in ya cije a buɗe a hura masa iska. Kaset ɗin bikin kawunmu yana nan a kabad har yau, zafi ya manne zarensa.

Sai bayan La'asar aikin ya kammala. Ya gwada a wata tsohuwar tibi da ke shagon, na ga ƙofar gidan Yauri da rumfar da aka kafa, na ce ya isa haka. Na biya shi, na ƙara masa na ruwa.

A gida na tarar an ɗauke wuta tun azahar, Auta yana kwance yana fifita da kwali, wayarsa ko rabi ba ta kai ba. Bayan Isha na tayar da janareto da ɗan man da nake ta lallaɓawa. Kafin in gama jona waya labari ya zaga, matan maƙwabta sun cika falo, yara a ƙasa har bakin ƙofa. Muka kawo Inna muka zaunar da ita a kujerar tsakiya, aka sa mata matashi a ƙarƙashin gwiwa. Na soka sabon filashin a ramin da aka rubuta HDD, don na fi yarda da shi yanzu. Sunan fayil ya fito. Na danna.

Inna ba ta ce komai ba wajen minti goma. Da aka nuno yayarta zaune cikin mata tana raba goro, sai ta ɗaga hannu ta ce, "Tsaya nan." Na tsayar. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ta rame. Ba wanda ya gaya min ta rame haka." Ba wanda ya amsa. Na saki hoton ya ci gaba. Daga nan kuma baki ya buɗe, ta shiga lissafin wanda ya je da wanda bai je ba, wace ce wagga mai jan mayafi, ɗiyar wa ce waccan, me ya sa aka zuba kayan ɗaki a tsakar gida rana na dukansu. Wajen da aka fito da amarya a lulluɓe tana kuka, sau huɗu ta sa na mayar baya. A na huɗun ta ja gefen mayafinta ta share ido, ta ce hayaƙin janareto ne ke shigowa.

Mai ya ƙare saura kusan rabin sa'a bidiyon ya kai ƙarshe. Mata suka watse suna ta santin lefe. Ina taimaka mata ta miƙe ta ce kada in cire abin daga jikin tibin, gobe in an kawo wuta za ta ƙarasa, kuma ba sai ta jira ni ba. Sai na karɓi jan farcen jikarta na ɗiga a kan maɓalli uku na rimot, na sauya hanya, na OK, da na tsayarwa. Na nuna mata sau biyu da fitilar waya. Ta karɓi rimot ɗin ta tura ƙarƙashin matashinta. Filashin asali kuma yana cikin akwatina tare da takardun gida.