Tsakanin Heathrow da JFK

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a tafiyata daga filin jirgin saman Heathrow na Landan zuwa na JFK da ke birnin New York shi ne taswirar da ke allon kujera, domin maimakon jirgin ya miƙe yamma sak, sai na ga ya karkata arewa, ya ratsa Tekun Atlantika, sannan ya gangaro ta gabashin Kanada. Dalili kuwa shi ne duniya a dunƙule take, saboda haka hanyar da ake gani a lanƙwashe a shimfiɗaɗɗiyar taswira ita ce mafi kusa a zahiri, kimanin kilomita 5,550.

Nisan bai canzawa, amma zuwa yakan ci kusan awa 8, dawowa kuma kusan 7, saboda iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas a can sama, wadda kan tare jirgi a zuwa ta kuma ingiza shi a dawowa. Har yanzu ina mamakin jirgin Concorde, wanda kafin a daina amfani da shi a 2003 yake cinye wannan tazara cikin kimanin awa 3 da rabi.