Abin da fassarar sanarwar Babban Banki ta koya mini

Na shafe shekaru ina aiki a ɗakin labarai na wani gidan rediyo a Kano, kuma da aka lura ba na gudun lissafi, sai aka ɗora mini fassara duk sanarwar da ta fito daga Babban Bankin Najeriya. Kwamitin da ke tsara manufofin kuɗi yakan zauna kusan duk bayan wata biyu, idan ya tashi kuma gwamnan bankin ya karanta wa manema labarai matsayar da aka cimma. Da farko na ɗauka aikina bai wuce in juya kalmomin zuwa Hausa in miƙa wa mai karanta labarai ba.

A watan Mayun 2022 kwamitin ya ɗaga kuɗin ruwa daga kashi 11.5 zuwa kashi 13 cikin ɗari, na kuma rubuta cewa an yi hakan ne domin daƙile hauhawar farashi. Da yamma, a shirinmu na kiran waya, wani dattijo mai sayar da hatsi a kasuwar Dawanau ya bugo ya ce, "Malam, ni ba na cin bashin banki, ba na kuma ta'ammali da ruwa. Ta ina wannan zai sauke farashin buhun masara?" Na rasa amsar da zan ba shi, sai na maimaita masa jimlar sanarwar. Bayan shirin editanmu ya kira ni ofishinsa ya ce, "Ɗana, abin da ba ka fahimta ba, ba za ka fahimtar da kowa shi ba."

Daga nan na zauna na yi karatun lamarin. Adadin da kwamitin ke bayyanawa shi ne ma'aunin da bankunan kasuwanci ke dubawa wajen sa wa bashi farashi. Idan ya hau, rance ya yi tsada, kamfanoni su rage ciyo bashi, masu kuɗi su karkata ga sayen takardun lamunin gwamnati, kuɗin da ke bin kaya a kasuwa su ragu, sannan bayan watanni a fara ganin alama a farashi. Alhajin Dawanau yana cikin wannan sarƙa ko da bai taɓa shiga banki ba, domin kamfanin abincin kaji da ke kwashe masararsa sau da yawa da bashi yake saye. Sai dai kuɗin ruwa ba ya mayar da manomin da 'yan bindiga suka kora gonarsa, ba ya kuma rage kuɗin man da tirela ke sha daga Funtuwa zuwa Kano. Ina ganin wannan na cikin abin da ya sa, duk da an kai adadin kashi 27.5 a Nuwamban 2024, hauhawar farashi ta haura kashi 34 a ƙarshen shekarar. Da na san haka a ranar, da na faɗa wa dattijon cewa matakin yana taɓa shi, amma ta bayan gida, kuma a hankali.

Abin da ya fi ɗaukar mini lokaci kafin in gane shi ne cewa maganar babban banki ita kanta kayan aiki ce. Har zuwa 1994 babban bankin Amurka ba ya sanar da sauyin kuɗin ruwa a ranar da ya yanke shi, sai dai 'yan kasuwa su tsinkayo daga yadda yake saye da sayarwa. A Yulin 2012 kuwa, Mario Draghi, shugaban babban bankin Turai na lokacin, ya tsaya a Landan ya ce bankin zai yi duk abin da ya kamata don kare kuɗin yuro, kasuwanni suka lafa tun kafin a kashe ko sisi, saboda an yarda da mai maganar.

Canjin kuɗi ne ya nuna mini wannan ido da ido. A ranar 26 ga Oktoban 2022 aka sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, aka sa 31 ga Janairun 2023 a matsayin wa'adin daina karɓar tsofaffin, daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Na karanta waɗannan ranaku a iska ba adadi. Wata safiya, dattijuwar da ke soya ƙosai a bakin ƙofarmu, wadda ita ce uwar adashen matan layinsu, ta kwance bakin zanenta ta nuna mini ƙullin tsofaffin ɗari biyar-biyar, ta ce, "Ɗan nan, kuɗin mutane ne, ni kuma ba ni da asusu a banki. Ina zan kai su?" A nan na gane cewa makonni na yi ina gaya wa jama'a ranar da kuɗinsu za su daina aiki, ban taɓa gaya musu abin da za su yi ba, alhali akwai tsarin musanya ta hannun wakilai da ya kamata in bincika in bayyana. Wannan sakacina ne, kuma har yau yana damuna.

A ranar 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa tsofaffin takardun za su ci gaba da aiki har ƙarshen shekara, amma masu shaguna da direbobi da dama suka ci gaba da ƙin karɓarsu, sai da Babban Banki ya fitar da tasa sanarwar a ranar 13 ga watan hankali ya fara kwanciya.

Tun daga lokacin ba na miƙa fassara sai na rubuta a ƙasanta wanda matakin ya shafa, da lokacin da zai ji a jikinsa, da abin da ya kamata ya yi. Da aka rage kuɗin ruwa zuwa kashi 27 a Satumban 2025, kafin in shiga ɗakin watsa shiri sai da na buga wa Alhajin Dawanau waya na karanta masa abin da na rubuta, ya tsayar da ni a wuri biyu, na gyara su.